Kumbon Kawu Mai Jan Hagu

Kowa a layinmu na Sabon Gari ya faɗi nasa a kan sandar wasan kwamfutar nan, kuma babu wanda ya faɗi daidai. Masu zuwa wasa sun ce jabu aka sayar wa Kawu a Kano. Makaniken Kawu ya ce ruwa ne ya shige ta. Kawu kuwa ya ce ni ce nake lalata ta da gangan. An daɗe da yin abin, amma makon nan ba zai taɓa fita daga raina ba, don saura ƙiris ya raba ni da aikin da nake ci da shi har yau.

Lokacin ba a fi shekara biyu da ba mu jiha ba. Gusau ta cika da sababbin ma'aikata, kowa da takardar da yake so a buga masa. Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon direba ne mai jigila tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu. Ya ga kasuwa ta buɗe, ya kama shago ya sa kwamfuta biyu. Ni kuma na gama sakandare ina zaune a gida a Bungudu, ina neman faɗa da kowa saboda zaman banza. Inna ta roƙe shi ya ɗauke ni. Cikin wata uku na iya buga takarda ba tare da na kalli yatsuna ba, kuma na san a raina cewa ban ƙara son komawa zaman tsakar gida.

Wata rana Kawu ya dawo daga Kano da kwali. A ciki akwai wata baƙar sanda mai tsawon taƙi, kafe a kan gindi mai faɗi. Tana da maɓalli a inda yatsa yake kamawa, da wani a jikin gindin, da 'yan tayoyi biyu ƙanana da ake murzawa da babban yatsa. Wayarta ana soka ta a bayan kwamfuta, kusa da inda lasifika yake shiga. Tare da ita akwai faifan wasa. Kumbo kake tuƙawa a sararin samaniya, ka kauce wa duwatsu, ka harbi masu harbinka, a ƙarshe ka shigar da kumbon ta wata 'yar ƙofa a jikin tashar da ke shawagi. Ƙofar nan ƙarama ce, in ka goce kaɗan ka yi bindiga.

Ya ce don masu jiran takarda ya sayo. Ƙarya ce, don kansa ya sayo. Mutumin da ya haura hamsin ya zauna yana cije leɓe yana kauce wa duwatsu, yana cewa, "Wanga abu ai tuƙi ne, in ka iya hanyar Tsafe da damina ka iya shi."

Kafin a fara wasa sai an saita sandar, don kwamfuta ba ta san inda tsakiyarta yake ba sai an nuna mata. Abu uku take tambaya. Ka bar sandar a tsakiya ka danna maɓalli. Ka kai ta ƙarshen kusurwar sama ta hagu ka danna. Ka kai ta ƙarshen kusurwar ƙasa ta dama ka danna. Ni na karanta masa wannan ranar farko, ya haddace, daga nan ya kafa doka cewa ban da shi babu mai taɓa saiti. Kullum da safe kafin ya wuce tasha zai shigo ya saita, kamar yadda yake duba ruwa da baƙin mai a mota, ya shigar da kumbo ta ƙofa sau ɗaya, ya tafi yana jin daɗi.

Da rana sai ƙorafi ya fara. Duk wanda ya zauna, kumbon sai ya riƙa zamewa hagu a hankali. Cikin duwatsu ba a lura sosai, amma da an zo ƙofar tasha sai a daki bango. Akwai wani malamin makaranta daga Tsafe mai kawo mana takardun jarrabawa, mutum mai natsuwa, ya daki bangon nan sau shida a zama ɗaya. Ya miƙe ya gyara hula ya ce, "'Yar Alhaji, ki faɗa wa Alhaji an cuce shi." Bai tsaya nan ba, ya maimaita a tasha a gaban direbobi. Aka riƙa yi wa Kawu shaƙiyanci, wai ya sayo sitiyarin jirgi na gwanjo.

Ni kuma ga bakina. Ƙarar harbin nan tana hana ni jin abin da mai takarda yake faɗa, kuma na sha cewa a gaban Kawu da ma abin ya mutu kowa ya huta. Ban ɗauka yana ajiye maganar ba.

Kuskurena ya zo ranar Laraba. Malamin Tsafe ya dawo, kumbon ya fara halinsa, na ga mutumin zai sake fita da haushi. Na miƙa hannu na murza 'yar tayar gefe har zamewar ta tsaya. Ya shiga ƙofa lafiya, ya yi mini godiya. Aiki ya yi yawa, na manta ban mayar da ita ba, kuma ban faɗa wa kowa ba. Washegari Kawu ya zo da makanikensa, abokinsa tun ƙuruciya, don ya duba sandar. Makanike ya ɗaga ta, ya karkata ta wajen haske, ya ce, "Alhaji, an taɓa nan. Ka ga tayar ba a bakin zane take ba."

Kawu ya juyo. "Ke ce?"

"Ni ce, amma jiya kaɗai."

"Jiya kaɗai aka kama ki."

"Kawu, tun kafin in taɓa take jan hagu. Ka tambayi kowa."

"A hannuna ba ta taɓa ja ba. Ina fita take lalacewa, kuma wa nake bari a shagon?"

Da ina da haƙuri da na yi shiru a nan. Sai na ce masa in yana ganin ina da lokacin zama in lalata masa abin wasan yara, to bai san yawan aikin da nake yi masa ba. Na faɗi haka a gaban abokinsa. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce ranar Asabar in haɗa kayana, shi da kansa zai mayar da ni wurin uwata.

Asabar ta zo. Kawu yana da direbobi, amma akwai wata tsohuwar bas, motarsa ta farko, wadda ba ya ba kowa. In zai je Bungudu da ita yake zuwa, ya ɗebi fasinja a hanya. Na zauna a kujerar bayansa da jakata a cinya, na ƙi kallon taga don kada in ga Gusau tana wucewa. Abin da ke gabana kawai nake kallo, wato ƙeyarsa da hannayensa a kan sitiyari.

Mun fita gari, hanya ta miƙe sambal, sai na lura sitiyarin ba a miƙe yake ba. Ya ɗan karkata dama, kuma haka Kawu yake riƙe da shi ba tare da ya sani ba. Can ya saki don ya ɓare goro da hannu biyu. Motar ta fara zamewa hagu a hankali, daidai yadda kumbon yake yi. Ya mayar da hannu, ta miƙe.

Nan take na gane. Mutumin nan ya fi shekara ashirin yana danne wannan motar zuwa dama. Kuma duk safiya, in kwamfuta ta ce a bar sanda a tsakiya, ba ya saki. Yana damƙe ta ne kamar sitiyari, a ɗan karkace dama, ya danna maɓallin yatsa. Direba ba ya sakin abin tuƙi. Kwamfuta kuwa duk inda aka nuna mata shi ne tsakiya. A hannunsa komai daidai, a hannun kowa hagu.

"Kawu, juya mu koma."

Ya kalle ni ta madubi. "Mi kika manta?"

"Ban manta komai ba. Na gano abin da ke damun sandar."

"Kin gano da wuri."

Wata tsohuwa mai kwandon kaji a gefena ta ce, "Ɗiyata, a bari mu sauka tukuna, sannan ku juya." Aka yi dariya, ban yi ba.

A Bungudu fasinja suka sauka, ya kai motar har ƙofar gidanmu. Na ƙi sauka. Ya buɗe ƙofa ya tsaya, na rungume jaka na kalli gaba. Inna ta leƙo daga zaure da mayafinta, ta ga yadda abin yake, ta gaishe shi a tsanake, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Yaya, mi ta yi?"

"Tambaye ta. Bakinta ya fi nawa tsawo."

Na ce, "Inna, minti goma nake so a gaban kwamfutar. In ban nuna masa ba, da ƙafata zan dawo, kuma ba zan ƙara cewa a kai ni ko'ina ba."

Inna ta dube shi. "Ai Gusau za ka koma ko da ita ko babu ita. Kujerar ba ta cin mai." Sannan ta dube ni. "Ke kuma in kika dawo, ki dawo da bakinki a rufe."

Haka muka koma Gusau tare. Mun tarar da makanike a bakin shago, ga malamin Tsafe ya zo karɓar takardunsa. Na so a ce babu kowa, amma Kawu ya ce su shigo su zama shaida.

Na kunna kwamfuta, na mayar da tayoyin biyu bakin zane. Na buɗe wurin saiti. Da aka zo tambayar farko na janye hannuna gaba ɗaya, na bar sandar ta tsaya da kanta, na danna maɓallin gindi da ɗan yatsa ɗaya. Sauran biyun kuwa na yi su da gaggawa, don ina ɗokin in ga idon Kawu. Ban kai sandar ƙarshen kusurwa ba. Wasa ya fara, na ɗan taɓa ta, kumbon ya wulwula kamar an mare shi, ya daki dutsen farko.

Makanike ya ce, "To, da hagu kawai take ja, yanzu ta haukace."

Kawu ya duba agogonsa. "Saura minti shida."

Na san abin da na yi. Na nuna wa kwamfuta 'yar tafiya kaɗan na ce mata ita ce iyaka, shi ya sa taɓawa kaɗan ta zame mata juyi gaba ɗaya. Na sake daga farko. Na saki, na ƙirga uku, na danna. Na tura sandar sama hagu har na ji ta tokare, na riƙe, na danna. Na ja ta ƙasa dama har ta tokare, na danna. Wasa ya fara, na naɗe hannuwana a ƙirji. Kumbon ya tafi a miƙe, taurari suna tahowa daidai tsakiyar gilashi, babu ko gezau.

Na ce, "Malam, bismillah."

Malamin Tsafe ya zauna, ya wuce duwatsu, ya shiga ƙofar nan a gwajin farko kamar gidansa.

"Kawu, saura kai."

Ya zauna, ya damƙi sandar yadda ya saba. Kumbon ya fara zamewa dama. Ya gyara zama, ya sake damƙa, ya ci gaba da tafiya dama.

"Saki," na ce. Ya saki, kumbon ya miƙe. "Kama." Ya kama, ya karkata. Na ce, "Haka kake riƙe tsohuwar bas. Na gani ɗazu da ka ɓare goro."

Kawu ya ɗaga hannunsa na dama yana kallonsa kamar na wani. Makanike ne ya fara, dariya ta ci ƙarfinsa har ya dafa bango. "Alhaji, shekara nawa ina ce maka ka kawo motar nan in daidaita mata ƙafa, kana ce mini lafiyarta lau?"

"Yi mini shiru. Kai ba ruwa ka ce ya shiga ba?"

Malamin Tsafe ya ce shi kuma zai koma tasha ya janye maganarsa ta jabu. Kawu ya ce ya janye a gaban waɗanda ya faɗa a gabansu, kuma da ƙarfi.

Bai ba ni haƙuri ba, kuma ban jira ba, a gidanmu babba ba ya yin haka da baki. Ya ɗauki jakata da kansa ya ajiye a bayan teburina, ya ce, "Daga gobe ke za ki riƙa saita ta. Amma abin wasan yara da kika ce, ban manta ba." Na durƙusa na ce ya yafe mini wannan, don a nan kam ni ce da laifi. Ya ce ya ji.

Abin da na koya a makon nan bai wuce biyu ba. Na farko, in na'ura tana yi wa mutum ɗaya daidai tana yi wa kowa ba daidai ba, a fara duba mutumin kafin a kwance ta. Na biyu ya fi mini zafi, don nawa ne. Na murza tayar nan a ɓoye na rufe matsalar maimakon in tsaya in gano tushenta, kuma da na gano, gaggawa ta kusa sa in zubar da gaskiyata a gaban shaidu.

Ranar Litinin na jira Kawu ya gama karyawa, na ce masa buga takarda kawai bai ishe ni ba. Akwai mai gyaran kwamfuta da yake zuwa mana daga Kano duk ƙarshen wata, kullum sai ya ce in fita in ba shi wuri. Na ce daga wannan zuwan ba zan ƙara fita ba. Zan ja kujera in zauna in ga abin da ke cikin akwatin, in yi tambaya har sai ya gaji, kuma in Kawu bai yi masa magana ba ni zan yi.