Kofin da Surukata Ta Ƙi Ɗauka

Cikin duk kwanakin da na yi a gidan haya a Sintali, akwai yini ɗaya da ba zai taɓa fita raina ba, yinin da aka bar ni da jinyar surukata.

Bafulatana ce, daga wata ruga a bayan Sunkani. Ta zo mana da zazzaɓi, maƙogwaronta ya kumbura, ko fura da ƙyar take wucewa. Likita ya ce ba za ta iya haɗiyar ƙwaya ba, sai ya rubuta irin maganin nan mai faɗi da ake jefawa cikin ruwa ya narke. Ranar matata tana kula da jarrabawa a makarantarsu, wayarta a kashe. Na ce ta tafi abinta, ba magani ba ne kawai?

Na cika kofi, na jefa ƙwayar. Ta hau tsuwa tana kumfa kamar an buɗe lemon kwalba. Na durƙusa na miƙa.

"Inna, ga magani."

Ta ja mayafi, ta juya fuska bango. "Usoko," ta ce, wato na gode da Fulatanci. "Ajiye."

Na ajiye, na tsaya a kanta ina jira. Kumfar ta kwanta, ba ta taɓa ba. A wautata na ɗauka ƙarfin maganin ya tafi tare da kumfar, na zubar na haɗa wani. Shi ma haka.

Kaina ya ɗaure. Tsuwar ce ta tsorata ta? Na yi bayani da Hausa, na ƙara da guntun Fulatancina, ban samu ko kallo ba. Sai wani mugun tunani ya zo mini: ko dai tana zargin na sa mata wani abu? Wallahi abin ya yi mini ciwo. Na ɗaga kofin na shanye a gabanta, ni da ba ni da ko ciwon kai.

"Kin gani, Inna? Lafiya lau."

Ta ƙara dunƙulewa. Jikinta na karkarwa, leɓɓanta sun bushe. Tsoro ya kama ni sosai. In wani abu ya same ta a hannuna, me zan ce wa 'yarta?

Na fita da gudu na kira maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da muke ce wa Goggo. Na dawo na haɗa wani maganin. Ta leƙo, ta dube ni tsaye riƙe da kofi, ta riƙe haɓa.

"Kai tun safe a nan kake tsaye?"

"To ina zan je, Goggo? Ta ƙi sha."

"A gabanka za ta sha? Mijin 'yarta?"

"Abinci na san ba ta ci a gabana. Wannan ai magani ne."

"Da ƙwaya ce, da ta cusa ta ƙarƙashin mayafi. Wannan sai ta yaye fuska, ta ɗaga wuya, ta kwankwaɗi kofi guda kana kallo. Za ta yarda ta mutu kafin haka. Fita mana."

Na miƙa wa Goggo kofin, na fita na zauna a dakali, kunya kamar ta kashe ni. Ban gama gyara zama ba Goggo ta miƙo mini kofin ta bayan labule, ba ko ɗigo a ciki. Kafin la'asar zufa ta karyo mata.

Abin da na koya ranar ke nan: sanin yadda ake haɗa magani bai isa jinya ba, sai ka san wanda zai sha. Ni da nake ganin tsayuwata a kanta kulawa ce, ashe ni ne abin da ya tsaya tsakaninta da sauƙi.