Gashin Idon Burtu

Tun kafin a haife ni akwai kan burtu rataye a bangon ɗakin Baba. Gadon mahaifinsa ne, wanda ya taho da shi daga ƙasar Zazzau. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana gyaɗa kai, gada ta ɗauka tsuntsu ne ke kiwo har ya matso ya harbe ta. An naɗe wuyan da fata, gurbin idanun kuma an liƙa jajayen 'ya'yan idon zakara. Ina ƙarama ba na yarda a aike ni ɗakin nan ni kaɗai.

Baba yana da wata tsokana da yake yi wa Inna. In ta sa kwalli ta fito tsakar gida sai ya ce, "Kai, ga mai gashin idon burtu."

"Duk tsuntsayen da Allah ya halitta ka rasa wanda za ka kwatanta ni da shi sai wannan mummunan?"

"Ke dai ba ki taɓa ganinsa kusa ba. Wata rana zan kai ki ki gani, sai kin gode mini."

Sau ɗaya ya taɓa ganin idon burtu mai rai a kusa, yana saurayi, yana kwance cikin ciyawa tsuntsun ya zo ya wuce ta gabansa. Bai kai Inna ba. Ina makarantar sakandare ta rasu, kuma hotonta ɗaya ne ya rage mana, ɗan ƙarami, idanunta ɗigo biyu ne baƙaƙe.

Na girma na zama mai ɗaukar hoto. Ina da ɗan shago a bayan Kasuwar Jalingo, ina bin biki da suna da yaye ɗalibai, ina faɗa da ƙawayen amarya da ke tsaya mini a gaba da wayoyinsu. An san ni da saurin fushi, ban kuma taɓa musantawa ba. Baba ya daɗe da ajiye farauta, yana zaune tare da mu a Kachalla Sembe. Sai ya fara tuntuɓe da buta, yana miƙa hannu gefen kofi. Likita ya ce ciwon yana cin ganin ne daga gefe yana shigowa tsakiya, magani zai rage masa gudu amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Idon hagu ya riga ya rufe. Na dama kuwa, in ji Baba, kamar mutum ne yana leƙe ta bakin kwalba.

Wata rana da yamma ina goge kyamarata a kan tabarma ya kira ni. Uwata yake ce mini, domin sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, wannan na'urar taki tana kamo abin da ke nesa?"

"Gwargwado, Baba."

"To ki kamo mini idon burtu. Ina so in sake ganinsa kafin fitilar nan ta mutu."

Ya faɗa ne kamar mai aiken a sayo masa goro. Ni kuwa sai da na shiga ɗaki na yi kuka, don na san ba tsuntsu yake son gani ba.

Baba yana da tsohon aboki a Iware, Bamumuye manomin doya, shi ya aiko cewa akwai burtu biyu da ke sauka a gonarsa tun da aka yi ruwan farko. Na tafi da gilashina mafi tsawo, wanda nake ɗaukar amarya da shi daga ƙarshen rumfa. Burtu ba amarya ba ne. Da na taka sai su taka, da na tsaya sai su tsaya, tazarar da ke tsakaninmu ba ta raguwa. Na dawo da hotunan gona mai kyau, da wasu baƙaƙen abubuwa biyu a tsakiya kamar ƙuda a kan tuwo.

Wani abokin sana'ata ne ya ce in nemi kwanbata. Ɗan guntun gilashi ne mai kama da zobe, ana ɗaura shi tsakanin kyamara da dogon gilashi, sai ya ninka nisan da ake kamowa. Na sa aka aiko mini da shi daga Legas. Ranar da ya iso na miƙa wa Baba, ya jujjuya shi, ya kai idonsa na dama ya leƙa bishiyar mangwaron gidanmu.

"An cuce ki, Uwata. Wannan ai rage duniya yake yi. Ga mangwaro can ya koma kamar tsintsiya."

"Ba a leƙa shi shi kaɗai, Baba. Sai an haɗa shi da ɗan'uwansa."

"To Allah ya sa. Ni dai ban taɓa ganin abin da ke ƙanƙanta abu ya girmama shi ba."

Na haɗa, na saita a kan wata kurciya da ke kan eriyar maƙwabta, na ɗauka. Ta cika fuskar kyamarar har ana ƙirga gashin wuyanta. Na yi ta murna, ban san zoben yana da nasa sharuɗɗan ba.

A gonar Iware zoben ya nuna mini sharuɗɗan nasa. Na isa da sassafe, gari bai gama wayewa ba, lokacin da burtu ke wannan kukan nasu mai kama da ganga daga nesa. Na leƙa, sai na ga duhu. Zoben yana ninka nisa, amma yana cinye yawancin hasken da ya kamata ya shiga. Kyamarar ta yi ta kai da kawo tana neman inda za ta tsayar da ido, ta kasa. Na koma saitawa da hannu. Sai matsala ta biyu ta fito: yadda yake ninka tsuntsun haka yake ninka rawar hannuna. Bugun zuciyata ma sai da na gan shi a cikin gilashin. Na kafa ƙafa-uku, abin ɗora kyamara, ƙafafunsa suka nutse a jiƙaƙƙiyar kunya, da na ja shi ya yi ƙara irin ta ƙarfe. Burtu suka ɗaga kai, suka juya, suka yi tafiyarsu a hankali kamar waɗanda aka ɓata wa rai.

Na zauna a kan kunyar doya na zagi zoben, na zagi wanda ya ƙera shi, na haɗa da wanda ya ba ni shawara. Abokin Baba yana tsaye yana dariya.

"Yarinya, kai yana fushi da yawa. Burtu ba ta son fushi. Ka kawo baban ka, shi ya san hanyan ta."

Na yi ta komawa ni kaɗai duk da haka, don ban so a wahalar da tsoho. Damina na ƙara nisa, ciyawa na ƙara tsawo, kuma a gida na lura Baba ya fara gane ni da takuna kafin ya gane fuskata. Tsoro ya kama ni sosai. Wata rana na shiga ɗakinsa na ciro kan burtun nan daga bango na ce zan ɗaura in yi rarrafe. Ya yi dariya har da tari.

"Wannan gada yake ruɗa. Burtu ya san 'yan'uwansa. Mayar da shi, gobe ki tafi da ni."

A hanya na yi masa bayanin halin zoben, cewa mayen haske ne, in rana ba ta fito sosai ba aikin banza ne, in kuma ta take sai zafin ƙasa ya sa hoton ya yi ta rawa. Ya ce to ai shi ke nan, da hantsi suke barin kuka su shiga kiwon fara da ƙadangare a sabuwar huɗa, kuma ba a bin burtu, zama ake yi a inda zai wuce. Abokinsa ya nuna mana gindin wata ɗorawa a gefen gonar. Muka zauna, rana a bayanmu, ni da Baba cikin tsofaffin kaya masu duhu.

Shi ya fara jin su. Ya taɓa gwiwata ya nuna gabas da haɓarsa. Can sai ga su sun fito daga bayan tsibin doya, suna takawa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga kyamara, hannuna ya fara halinsa.

"Rawa yake yi?" Baba ya tambaya da raɗa.

"Sosai."

Sai ya matsa gabana a hankali, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya ba ni baya. "Ɗora a kafaɗata."

Na ɗora dogon gilashin a kafaɗarsa ta dama, inda bindiga ta saba zama. Ƙashi ne kawai a ƙarƙashin rigar, ban san ya rame haka ba sai ranar. Amma da ya ja numfashi ya saki rabi ya tsaya, sai duniyar da ke cikin gilashin ta tsaya cak. Ban taɓa jingina da abin da ya kai kafaɗar nan natsuwa ba. Ina ganin cinnaka na hawa wuyansa, ko gezau bai yi ba.

"Wanne kike gani?"

"Mai jan wuya."

"Namijin ne, rabu da shi. Nemi mai shuɗin wuya."

Na juya kaɗan, ya bi ni da kafaɗar kamar ya san inda zan nufa. Macen tana baya, tana tonon ƙasa da baki. Ta matso, ta ƙara matsowa, har kanta ya cika gilashin. Na murza da yatsu biyu har ya fito tar. Sai ta ɗaga kai ta juyo gefe, hasken hantsi ya sauka a fuskarta, ta lumshe ido ta buɗe. Na danna. Na sake dannawa, hawaye ya hana ni ganin na ukun.

"Kin samu?"

"Na samu, Baba."

"To sauke, kafaɗar nan ba ta saurayi ba ce."

A shago na wanke hoton babba, kusan faɗin faranti, ban bar komai a ciki ba sai idon da kewayensa. Na tsaya ina kallonsa kafin in kai gida. Fatar da ke zagaye da idon shuɗiya ce, ƙwayar kuma baƙa mai sheƙi, ga gashin nan dogaye, baƙaƙe, sun jeru sun ɗan lanƙwasa sama. Na san wannan idon. Shi yake duba ni in ina zazzaɓi, shi yake harara ta in na fasa kwano. Na yi shekaru ina ƙoƙarin tuno fuskar Inna tana ɓace mini, sai ga ta a kan teburin shagona.

Na sami Baba a ƙofar ɗakinsa, na fito da shi inda rana take. Ya karɓi hoton da hannu biyu, ya kai shi kusa, ya mayar nesa, yana yawo da shi a gaban idonsa na dama yana neman inda zai shiga ta ɗan bakin kwalbar da ya rage masa. Na kama yatsansa na ɗora a kan gashin idon. Ya bi yatsan da kallo, sai ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sai ya shiga shafa gashin ɗaya bayan ɗaya.

"Uwata, kin gani?"

"Na gani, Baba."

"Ashe ban yi mata ƙarya ba."

"Ba ka yi ba."

"Da ta gani da ta gode mini." Ya yi 'yar dariya, ya goge fuska da hannun riga. "Ko da yake da wuya. Cewa za ta yi bakin fa, ka ga bakin?"

Ya sa na sauke kan burtun daga bango na rataye hoton a ƙusar. Kafin kaka ta zo idon daman ma ya rufe. Har yanzu kowace safiya in na kai masa koko sai ya ce in duba ko hoton ya karkace, in na ce daidai yake, sai ya juya fuskarsa wajen bangon ya ce, "To, ina kwana."