Fensirin da Na Cire Daga Hannun Hagu

A lokacin da wannan abu ya faru, ni ne mataimakin shugaban wata makarantar firamare a yankin Kusada, ina kwana Kankia ina zuwa aiki a kan babur. Rajistar ɗalibai da littafin da ake rubuta duk abin da ya wakana a makaranta suna hannuna, kuma ina alfahari da cewa ba a taɓa kama ni da kuskuren kwanan wata ba. Mutum ne ni mai tsayawa kan ƙa'ida, mai saurin harzuƙa idan na ga an kauce mata, kuma a lokacin ban san wannan hali yana iya cutar da wani ba.

A shekarar aka turo mana wata ma'aikaciyar lafiya, 'yar kudu, wadda aikinta shi ne horar da yara masu lalura yadda za su riƙe fensir, su ci abinci, su sa tufafi da kansu. Duk Talata take zuwa, yara suna kiranta Malamar Hannu. Wadda ta fi ba lokacinta wata yarinya ce 'yar aji uku daga Dudunni, mai shekara tara, wadda hannunta na dama ya shanye tun tana goye, bayan wani zazzaɓi. Shekara uku muna cusa mata alli a hannun nan yana faɗuwa, ba ta taɓa rubuta ko baƙi ɗaya ba.

Wata Talata na leƙa ta taga, sai na ga matar ta naɗa roba a jikin fensir don ya yi kauri, ta sa wa yarinyar a hannun hagu, na daman kuma ta ɗora shi kan takarda yana danne ta. Ban so ba, amma na haɗiye. Abin da ya tayar mini da hankali ya zo ne lokacin hutun tara, da na ga cokali a hannun hagun yarinyar, tana kai shinkafa da wake baki, matar tana tafa mata. Mu da aka rene mu ana buge mana hannu idan muka miƙa hagu cikin kwano, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na tambayi kaina dalilin da zai sa baƙuwa, wadda addininmu ba ɗaya ba, ta zaɓi koya wa 'yar Musulmi abin da aka hana mu. Daga ranar na buɗe wa matar shafi na musamman a littafin makaranta. Ina rubuta lokacin shigarta, da lokacin da ta tura ƙofa, da adadin lomar da na ga an kai da hagu.

Da na tare ta, ta amsa mini cikin dariya da Hausarta mai gargada. Ta kira ni Malam Mataimaki, ta ce mako shida ta yi tana gwada hannun dama, ta gano zai iya danne takarda ko riƙe kwano, amma ba zai yi rubutu ba. Ta ce leƙen taga zai sa mini ciwon wuya, ga kujera a ciki ba mai zama. Na ƙi shiga. Na ɗauki dariyar a matsayin raini, gayyatar kuma a matsayin dabarar sa ni cikin laifi, har na rubuta su duka biyu a shafin.

Bayan girbi na je Dudunni, na sami mahaifin yarinyar a bakin rumbu ana ɗaura damman gero. Manomi ne mai kawaici. Ya ce shi dai abin da ya sani, ɗiyarsa yanzu tana sa hijabi da kanta, kuma uwarta ta huta da ba ta abinci a baki. Na buɗe littafina na karanta masa kwanaki ɗaya bayan ɗaya, na tambaye shi abin da zai ce wa mutane ranar da ɗiyarsa ta sa hagu cikin tuwo a gidan biki. Ya ce mu ne masu ilimi, shi ba zai ja da malami ba. Ya dangwala yatsa a takardar ƙorafin da na riga na rubuta da sunansa.

Da na kai takardar ofishin ilimi, aka dakatar da matar daga zuwa makarantarmu har a yi bincike. Ranar Talata ta gaba ni da kaina na shiga aji, na zare fensirin daga hannun yarinyar, na mayar da shi dama, na gaya mata a gaban 'yan uwanta cewa hagu hannun ƙazanta ne. Fensirin ya faɗi, yara suka yi dariya. Ta daina cin abinci lokacin tara, ta koma zama da hannuwanta biyu cikin hijabi. Kafin ƙarshen zango ta daina zuwa.

Limamin unguwarmu a Kankia ne ya fara ankarar da ni, ranar da nake ba shi labarin ina jiran yabo. Ya tambaye ni wane malamin addini na tuntuɓa kafin na rubuta takardar. Na ce babu. Ya ce ashe bokon nawa bai kai babin lalura ba, domin ko ɗalibin da ya fara karatun farko ya san ba a ɗora wa mutum abin da ba ya iyawa. Binciken ma bai sami matar da laifin komai ba, sai dai kafin a kammala an mayar da ita wani wuri mai nisa, kuma har na bar makarantar ba a turo madadinta ba.

Na koma Dudunni da fensir, na naɗa masa roba yadda na ga tana yi. Mahaifin ya karɓe ni da mutunci, ya kira yarinyar. Na miƙa mata ta wajen hagu, ta ja da baya. Kakarta, da ke zaune tana tsince wake, ta ce kada in wahalar da kaina, ai na iya koyarwa, karatun ya zauna. Ta ce ko a ɗaki yarinyar ba ta yarda ta ci da hagu, tana cewa Malam ya ce haramun ne, don haka uwarta ta koma ba ta a baki kamar jaririya. Na yi wa yarinyar bayani cewa kuskure na yi. Ta dubi ƙasa, ba ta karɓa ba.

Babu ƙarya ko ɗaya cikin abin da na rubuta a kan matar nan, amma duk da haka na zalunce ta, na kuma zalunci yarinyar fiye da ita. Na riga na yanke hukunci, sannan na shiga tara hujja. Ina jan hankalin malamai da iyaye: idan aka turo wa yaranku masu irin wannan aiki, kuka ga abin da bai kwanta muku ba, ku tambayi masana lafiya da masana addini tun kafin ku ɗauki alƙalami. Ku kuma kiyaye abin da kuke faɗa wa yaro mai lalura a gaban aji, domin yana gaskata malaminsa a karon farko, ba lallai ya gaskata shi ranar da ya dawo neman gafara ba.