Garin da Glenys Ta Gina a Zaune

Duk wanda ya taɓa jera sojojin dalma a kulob ɗin wasan yaƙi na unguwarmu, a gefen Nottingham, a kan ƙasar Glenys Wragg ya jera su. Ita ke gina tuddai, ita ke haƙa koguna, ita ke fenta gidaje da itatuwa, komai ɗan mitsitsi daidai da sojan da bai wuce gaɓar yatsa ba. Ba ta taɓa buga wasan ba, kuma ba ta da niyya. Cewa take yi, "Ku yi ta kashe junanku, ni dai kada a karya min bishiya."

Da can a masana'antar leshi take aiki, tana gyara inda inji ya tsallake zare, har ranar da aka rufe masana'antar aka sallame su. Ta fito da ido mai ganin ƙwaƙwaf da bakin da ba ya jira a tambaye shi. Mijinta Clive direban bas ne, ƙaton mutum mai dariyar da ake jiyowa daga wancan titi. Kowace Lahadi bayan abincin rana sai ya saɓi akwatin sojojinsa ya nufi zauren tsofaffin ma'aikatan kwal, inda shi da abokansa ke gwabza yaƙin zamanin dawakai da takubba a kan tebur, da tef ɗin awo da ƙwayar ludo. Wata rana ta kai masa tabarau da ya manta, ta tarar ƙattin maza sun tara littattafai sun lulluɓe su da koren bargo.

"Wannan kuma fa?" in ji ta.

"Tudu ne mana," in ji Nev Ockenden, shugaban kulob ɗin, mutumin da zai iya ɓata yini guda yana musu a kan launin maɓallin rigar soja.

"Tudu? Na ɗauka wani ne ya mutu kuka rufe shi."

Daga ranar ta ƙwace aikin, ba wanda ya ba ta. Sai ta samo soson nan mai tauri, ruwan hoda, wanda magina ke liƙawa a bango don tsare sanyi, ta yanka da wuƙar burodi. Yashi daga bakin kogi take ɗebowa, ta gasa shi a tanda don kada ƙwari su ƙyanƙyashe a cikin zaure. Ganyen shayin da suka gama sha ta shanya shi, ya zama busasshen ganye a gindin itatuwa. Baƙin fenti take fara malalawa, ta bi da ruwan ƙasa, sannan ta goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa ta shafa sama-sama, sai ka ga kowane dutse ya ɗauki haske a ƙeyarsa kamar rana ta fito.

Tana da doka guda, kuma duk wanda ya zo koyo sai ya haddace ta. "Mai wasa a tsaye yake, daga sama yake kallo. Ka zuba ƙarfinka a kan rufi da kan tudu. Ƙarƙashin gada kuwa kada ka ɓata fentinka, ba mai leƙawa." Gaskiyarta kuwa. Haka kowa ke yi a sana'ar, kuma ba wanda ya kai ta. Ita ma ta san haka, ba ta ɓoyewa.

Ana nan, wata safiya Clive ya faɗi a kicin da butar shayi a hannu. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bayan watanni magana ta dawo, hannun ya ɗan dawo, ƙafa dai ta ce ba ta san zancen ba. Ya koma kan keken guragu.

Sau ɗaya ya je kulob. Abokai suka yi ta murna, aka ba shi teburin da ya fi kowanne kyau, mai kogi da injin niƙa, wanda Glenys ke alfahari da shi. Ya ɗan taɓa wasan kaɗan, ya ce ya gaji. Bai ƙara komawa ba. Nev ya ce girman kai ne, wasu suka ce hannunsa ne ba ya kaiwa tsakiyar tebur. Glenys ta bar shi, tana cewa zai huce.

Bai huce ba. Wata rana ta shigo falo ta tarar yana goge sojojinsa ɗaya bayan ɗaya da hannun dama, yana kwantar da su cikin auduga. Da ya gama ya rufe akwatin.

"Ki kira Nev ya zo ya ɗauka. Na ba shi."

A wurin mutanen nan, namiji zai iya sayar da motarsa ya yi dariya, amma rundunar da ya fenta da hannunsa tun yana saurayi ba ya kyauta da ita sai ya sallama. Ta ga yadda wasu suka yi: akwati ya fita, mutum ya juya fuskarsa ga talabijin, daga nan sai a ji sanarwar mutuwarsa.

"Kai tsoho, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani."

"To me ya hana ka komawa? In hannu ne, ga Nev nan, ya tura maka sojan. Me yake tsinanawa in ba surutu ba?"

"Ba hannu ba ne."

"Mene ne?"

Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Me zan je in kalla, Glenys? Soso da gam?"

Da wani ne ya faɗa mata haka, da unguwa ta ji su. Ta haɗiye, ta fita tana huci. Dama ta kawo teburin kogin gida don gyaran wata bishiya, yana rumfar da ke bayan gidansu. Da la'asar, Clive ya hau gado ya ɗan kishingiɗa, sai ta tura kekensa zuwa rumfar, ta zauna a kai, ta matsa bakin teburin.

Ai kuwa ta gani. Ƙarƙashin gadar da kowa ke yabo, ga soso nan tsirara, ruwan hoda fes. Gam ya dalalo ya daskare kamar majina. Tagogin gidaje ramuka ne baƙi wuluk. Babban tudun da take taƙama da shi ya tare rabin filin, gefensa kuwa shatin wuƙar burodi ne kawai. Duk hasken da ta shafa yana can sama, inda idon mai zaune ba ya kaiwa. Abokansa na tsaye suna yaƙi a cikin ƙauye mai kyau, shi kuma an ajiye shi a bayan fage yana kallon tarkace. Kuma ya yi shiru duk watannin nan don kada ya ɓata mata.

Abin ya yi mata zafi ƙwarai, ya fi zagi. Amma Glenys ba ta kuka in akwai aikin yi. Ta miƙe ta ɗauko zarto, ta rage ƙafafun kujerar aikinta har idonta ya daidaita da inda nasa ke tsayawa.

"To, mu zuba," ta ce wa rumfar.

Duk kakar nan a zaune ta yi aiki. Ta yi sabon tebur siriri, yadda hannu ɗaya zai kai tsakiya. Ta kwantar da tuddai, ta buɗe titunan garin suka fuskanci bakin tebur, mai zaune ya ga har ƙarshensu. Ta juya dokarta gaba ɗaya. Rufin gidaje shafa ɗaya ta yi musu ta wuce, ƙarfin duk ta kai shi ƙasa. Ta fenta bulo ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin gada, da koren gansakuka inda ruwa ke duka. Ta liƙa sheƙar tsuntsu a ƙarƙashin indararo. Ta tono guntayen leshin da ta ɓoye tun zamanin masana'anta ta yi wa tagogi labule, a bayan wani labulen ta zaunar da kyanwa. Wuyanta ya ƙage, bayanta ya riƙe, ta sha magani ta ci gaba. Clive ya tambaye ta me take yi a rumfa, ta ce, "Soso da gam."

Maganar akwati kuwa kullum sai ya tayar, kullum ta ce Nev ba shi da lokaci. Ranar da ta gama, ta sa aka kai teburin zaure, ta dawo ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Lahadi za ka kai wa Nev akwatinsa."

"Na ce ki kira shi."

"Ni 'yar aikenka ce? Yaushe aka fara aika runduna kamar kayan wanki? Hannu da hannu ake bayarwa, kai ka faɗa min. Ka je ka ba shi a gaban mutane, ka dawo ka rungumi talabijin ɗinka."

Ya harare ta, ta harare shi. Kowa a layin ya san wanda ke cin irin wannan.

Ran Lahadi suka isa, akwati a kan cinyarsa. Maza sun kewaye sabon teburin a tsaitsaye, kowa da kofin shayi, fuskoki ba yabo ba fallasa. Nev ya jawo Glenys gefe, wai zai yi raɗa, alhali raɗarsa har bakin ƙofa ake ji.

"Uwar ɗakina, ba raini ba, amma wannan karon kamar kin yi sauri. Dubi rufin nan, ko haske babu."

"Haka ne," in ji ta. "Tsufa ne."

Ta tura keken Clive ta ratsa su, ta ajiye shi a bakin babban titin garin, ta taka birki, ta tafi haɗa shayi. Ba ta waiwaya ba. Kunnenta dai yana can.

Ta zuba madara, ta juya, ta sake juyawa, shayin da ko sukari ba ta sa ba. Sai ta ji ƙarar maɓallin akwati.

"Nev," in ji Clive, "kafin in ba ka, bari in tsayar da mutum ɗaya a titin nan, in ga tsayinsa kawai."

Mutum ɗaya ya zama goma. Nev ya ce ai ba a barin runduna ba abokin gaba, ya jera tasa a ƙetaren kogi. Kafin shayi ya huce an ciro tef ɗin awo.

Dokar wasan ita ce soja ba ya harbin wanda ba ya gani, kuma in musu ya tashi sai an sunkuya an duba daga idon sojan. Tsofaffin nan kuwa gwiwa ta daɗe da yi musu tawaye, sun gwammace su yi ta gardama a tsaye. Nev ya ɓoye mahayansa a bayan gada yana murmushi.

"Maharbana na ganinsu," in ji Clive.

"Ina! Gada ta tare."

"Ta ƙarƙashi nake ganinsu, har wutsiyar dokin shugabansu." Ya ƙara matsawa, ya ƙura ido cikin ramin gadar. Can kuma dariya ta kuɓuce masa, dariyar nan ta dā da ake jiyowa daga wancan titi, har kofuna suka yi ƙara a kan tire.

Jingine da bangon gadar, inda ba mai tsayen da zai taɓa gani, akwai ɗan koren keke da kwando a gaba. Irinsa sak Clive ke hawa zamanin da yake jiran wata mai gyaran leshi a ƙarƙashin gadar magudanar ruwa in ana ruwan sama, da soyayyen dankali a takarda yana hucewa.

"Me ake wa dariya?" in ji Nev. Ya dafa tebur, ya durƙusa da ƙyar yana nishi, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. "Keke? Keke a zamanin takobi? Glenys, wannan ai cin mutuncin tarihi ne!"

Bai tashi ba dai. Da farko gwiwa ce ta hana shi, daga baya kuma ya hango labulen leshi, ya hango kyanwa. "Kai, ku zo ku gani," ya ce a hankali. "Wani ya miƙo min kujera." Aka miƙo masa. Wani ma ya jawo tasa. Ba a jima ba duk zauren ya zauna, kawuna a jere a bakin tebur, daidai da kan Clive, ana nuna wa juna sheƙar tsuntsu. A zaune aka ƙarasa yaƙin, kuma Clive ya yi wa mahayan Nev kaca-kaca.

Da aka tashi tattara kaya, Nev ya ƙifta wa Glenys ido, ya miƙa hannu wajen akwatin. "To mutumina, kawo kyautata in wuce."

Clive ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin. "Taɓa ka gani."

A hanyar gida tana tura shi, ana ɗan yayyafi, suna wuce shagon mai kifi sai ya gyara murya.

"Glenys."

"Mene ne kuma?"

"Ƙarƙashin rufin cocin garin nan naki, ta gefen hagu, kin bar wani wuri ba fenti. Soso na leƙowa. Ki gyara kafin Lahadi, a can zan ajiye maharbana."

Tunda take, ba a taɓa yi wa aikinta gyara ta ƙyale ba. Ta tsayar da keken, ta goge fuskarta da bayan hannu, ko da yake yayyafin bai kai ya jiƙa kowa ba.

"To," ta ce. "Kafin Lahadi."