Cutar da Ta Kama Ganyen Kabewar Baba

Shekarar da na cika sha huɗu, Baba ya ƙudura sai ya noma kabewar da ta fi ni nauyi. Ƙaninsa da ke unguwar Erdington a Birmingham, Baffanmu, shi ya aiko masa da iri uku a ambulan. Suka yi yarjejeniya za a auna a watan Oktoba, wanda tasa ta fi ƙanƙanta ya wanke motar ɗan'uwansa a gaban yara.

Tsakar gidanmu a unguwar Moss Side ta Manchester bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Iri ɗaya ya ƙi tsirowa, ɗaya sanyi ya kashe. Na ukun ne ya rayu a cikin wani ƙaton baho da Baba ya huda wa gindi. In ya taso daga tuƙin bas, sai ya fara gaida kabewar kafin ya tambayi ko muna da rai.

Ciwon farko, ganyen ƙasa ya yi rawaya. Baba ya kira Birmingham, Baffa ya ce ruwa ne ya yi yawa. Aka hana ni ban ruwa, amma ba wanda ya sanar da sararin samaniyar Manchester. Ciwo na biyu, farin gari ya fito a kan ganye. Baffa ya ce fumfuna ce, a fesa madara da ruwa. Aka fesa. Duk wata kyanwa da ke tsakaninmu da Fallowfield sai da ta zo duba marar lafiya.

Ciwo na uku shi ya gagara. Ganyen ba ya rawaya, ba ya fari, ɓacewa yake yi. Sai a wayi gari a ga kara tsaye ba ganye. Baffa ya ce dodon-koɗi ne, Baba ya kewaye bahon da ɓawon ƙwai. Ya aro littafi mai hotunan cututtukan ganye daga library, ya tsuguna yana gwadawa, amma babu hoton ganyen da ba ya nan. Na ce masa wannan dodon-koɗin da wuƙa yake yawo, kuma masu taushi kaɗai yake zaɓa. Ya ce in je in yi homework.

A lokacin nan Kaka, mahaifiyar Mama, tana gidanmu, ta zo mana daga Jos. Ranar Asabar ta tuƙa tuwo da miyar gyaɗa mai ɗanyen ganye. Baba ya cinye, ya ƙara, sannan ya tambayi wane shago aka samo ganye mai daɗi haka.

Kaka ta ce, "Wane shago kuma? Allah ya ba ka kabewa a bayan gida, ganye kamar kunnen giwa, ka zuba masa ido yana tsufa."

Lomar ta tsaya a hannun Baba. Mutumin da ya sha alwashin murƙushe ɓarawon ganye da takalmi, ga shi a gaban surukarsa, wadda ko ido ba ya haɗawa da ita. Ya ce, "Haka ne, Mama. Sannu da aiki." Ya haɗiye. Ni kuwa na shige ƙarƙashin tebur, wai cokalina ya faɗi, alhali da hannu muke ci.

Ya roƙi Mama ta yi mata magana, Mama ta ce ita ba ta shiga tsakanin uwarta da miya. Sai ya ɓullo da dabara. Washegari bayan coci ya tsaya a tsakiyar falo yana ba bango labari, da ƙarfi, cewa ya fesa wa kabewar maganin ƙwari mai haɗari, duk wanda ya ci ganyen cikinsa zai kumbura.

Kaka ba ta ko ɗago daga ɗinkinta ba. "Kada ka damu, ɗana. Sau uku nake wankewa."

Ganye huɗu suka rage. Baba ya ƙirga su, ya kalli kalanda, ya ga saura wata biyu Kaka ta koma. Asabar ta gaba muka ciccibi bahon muka sa a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel, ni aka tura ni baya. Haka muka bi babbar hanyar M6 zuwa Birmingham a hankali, manyan motoci suna wuce mu, Baba yana tambayar kabewa ko iska ta yi mata yawa.

Baffa ya karɓe ta da fuskar likita, ya ajiye kusa da tasa, ya yi alkawarin zai riƙe ta amana. Ta girma kuwa, har ta fi tasa nesa ba kusa ba. Da Oktoba ta zo, Baffa ya ce ƙasar Birmingham ce ta raine ta, don haka duka biyun nasa ne. Ba a auna ba. Suna can a lambu suna musu, matar Baffa ta fito da babbar wuƙa ta tambayi wacce za a fara yankawa, don ta riga ta ɗora ruwan taushe.