Ranar Da Fadarmu Ta Miƙo Mini Igiya

Lokacin da abin ya faru ni matashi ne, ban daɗe da baro ƙauyenmu na wajen Tarka ba, ina kabu-kabu da moto, wato babur, a Belbeji. Ban san kowa ba sai 'yan wata fada, majalisar samari, da ke shan shayi a gindin bedi kusa da tasha. Su suka jawo ni jiki. Da mahaifiyata ta kwanta a likita su suka yi ta zirga-zirga, har jini ɗayansu ya ba ta. Dokarmu ɗaya ce: abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa kowa. Ina alfahari da ita sosai a lokacin.

Wata rana da kaka, da hantsi, shugaban fadar ya zo a fusace ya ce shanu sun cinye hatsin kawunsa, kowa ya tada moto. Ban tambayi ina za mu ba, ban tambayi shanun wa ba ne, na bi su kawai. Sai a hanya na lura da sanduna da adda a ɗaure bayan motocin. Na so in juya, amma kunya ta hana ni. A wata rijiya muka tarar da wani dattijo Bafulatani yana shayar da dabbobi. Aka ce shanunsa ne suka yi ɓarnar. Ya rantse jiya ya sauka yankin, ba wanda ya saurare shi. Aka kewaye shi, shugaba ya miƙo mini igiya ya ce tunda ni ne sabo, ni zan ɗaure shi a ga ko na cika ɗan fada.

Da na matso sai na gane shi. Shi ne mai sauka a zauren babana duk ranar kasuwa tun ina ƙarami. Shi ma ya gane ni, ya kira ni da sunan da ake kirana a gida, ya tambayi jikin innata kamar ba abin da ke faruwa. Na yar da igiyar na ce wannan ubana ne, a kai maganar gaban mai gari. Ban rufe baki ba na ji sanda a kafaɗa. Matan da ke rijiyar suka sa ihu, can nesa kuma ga makiyaya sun taho a guje. Na tabbata in suka haɗu sai an kwashi gawa. A cikin ruɗanin nan na ce wa baffan ya hau, na fizgi moto cikin rairayi ina jin ana bina da zagi, ban tsaya ba sai ƙofar jandarmomi.

Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, mai gari ya sasanta maganar gonar daga baya. Amma ni na zama munafuki a idon 'yan fada. Mutanen da muke cin tuwo a kwano ɗaya suka daina amsa sallamata, suka hana fasinja hawa motona, dole na koma Tanut. Har yau kafaɗar tana mini ciwo, kuma har yau ina kewarsu, wannan ne ya fi damuna.

Ban ce fada mugun abu ba ce, ta yi mini rana. Amma 'yan'uwana matasa, duk ranar da aka ce ku tashi, ku tambaya ina za a je kafin ku tada moto. Ni ban tambaya ba, kuma da baƙuwar fuska na tarar a rijiyar nan, wallahi ban san abin da zan yi da igiyar ba.