Ranar da Telen Alhaji Bukar Ta Jefar da Ni

Kawu Gana, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa kwance rediyo ba sai ya shinshina ta. Ku mutanen Gure kun san haka. Ya rufe ido, ya kai hanci, kamar mai sayen turare. Wani makiyayi daga Alakos ya taɓa kawo masa tasa. Kawu ya shinshina ya ce, "Lafiyarta lau. Nono ta sha." Aka buɗe, ga shi kuwa ya bushe a kan batir.

Ko guntun waya ba ya zubarwa. Inna ta ce ya share shagonsa, ya ce, "Yaya, waɗannan ba shara ba ne, majinyata ne."

Ni a lokacin sabon mushe ne, wato malamin makarantar boko, na dawo daga Damagaram da Faransanci fal baki, kuma wannan hancin nasa kunya yake ba ni.

A ƙarshen shekarun saba'in maƙwabcinmu Alhaji Bukar ya kawo tsohuwar tele, wato talabijin, daga Maiduguri. Da hantsi aka tada injin wuta. Murya na fita, amma gilashi baƙi ƙirin. Aka kira Kawu, zaure cike da dattawa, har da iyayen ɗalibaina. Ya shinshina bayanta, sannan ya kara damtsensa a gilashin.

"Gashina bai tashi ba," in ji shi. "Babbar wutar da ke haska hoto tana yoyo a wani wuri."

Aka yi dariya. Ni na fi kowa.

"Kawu, matsa," na ce. "Wannan aikin ilimi ne, ba na hanci ba."

"Mushe, ko an kashe ta tana ajiye saura a cikinta."

Na zare ta daga wuta, na buɗe bayan, na cusa hannu. Abin da na sani kawai, ina zaune cikin kwanon goron Alhaji, ina kiran Inna da muryar da ban san ina da ita ba.

Kawu bai ko murmusa ba. Ya ɗauki waya ya haɗa gindin gilashin da ƙarfen jikin telen, ta yi tas, sauran wutar ta fita. Ya nuna wata jar waya mai kauri da ta tsage, ya musanya ta da wayar buji, wato fulogi, ta tsohuwar mota. Aka kunna, gilashi ya yi haske.

Alhaji ya ce, "Gana, yaya aka yi ka gano?"

"Ba ni ba ne. Mushe ne ya nuna mini wurin, da hannunsa."

Haka ya riƙa faɗa wa kowa har ya rasu, kuma da gaske yake faɗa, don kada yara su raina ni a aji. Ni kuwa kullum sai in ce gobe zan je in ba shi haƙuri. Ban je ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.